Kaya Sun Cika Mana Gida, Maigida Kuma Ya Hana a Taɓa Nasa

Assalamu alaikum Anti. Don Allah a sakaya sunana. Shekarata 13 da aure, yaranmu huɗu, muna zaune a gidan haya mai ɗaki biyu da falo. Matsalata kaya. Sif ɗina ba ya rufuwa, ƙarƙashin gado akwatuna ne, saman sif jakunkuna ne har sun kusa taɓa silin. Fiye da rabin kayan sawata sun yi mini kaɗan tun bayan haihuwata ta uku, amma duk ranar da na fito da su don in bayar sai in ga kamar asara zan yi, in ce wataƙila zan rame, in mayar. Kayan yara tun na jarirai suna nan. A kicin akwai kuloli da faranti da ko kwalinsu ban buɗe ba.

Shi kuma maigidana ba ya rabuwa da komai: fanka biyu da suka ƙone, tsohuwar talabijin, matattun wayoyi, cajoji, takardu buhu guda. Kullum cewa yake za a gyara. Watan jiya da ya yi tafiya na kira 'yan gwangwan na ba su fankokin da wani tsohon rediyo. Da ya dawo ya yi fushin da ban taɓa gani ba, ashe rediyon na marigayi mahaifinsa ne. Kwana da kwanaki bai yi mini magana ba, har yanzu ma abin bai wuce ba.

Sannan akwai akwati biyu na kayan mahaifiyata, shekara uku ke nan da rasuwarta, a wurina aka ajiye su. Rannan na buɗe na tarar sun fara wari, wani mayafi har ya yi ɗigo-ɗigon baƙi. Na ce wa yayata mu bayar sadaka, ta fashe da kuka ta ce so nake in shafe Mama daga rayuwarmu. Anti na gaji. Kunya nake ji baƙuwa ta shigo mini ɗaki, shara ma ba ta yiwuwa yadda ya kamata. Ni ce mai laifi? Ta ina zan fara?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya jiƙan Mama, ya sa ta huta, ku kuma ya ƙara muku haƙurin rashinta.

A idonki duk abin da ya cika gidan nan abu ɗaya ne, kaya. Amma masu su uku ne. Akwai naki, akwai na maigida, akwai na Mama wanda yanzu ya zama na magadanta gaba ɗaya. A cikin ukun nan ɗaya ne kawai kike da cikakken iko a kansa, kuma shi ne kike fitarwa ki mayar. Biyun da ba naki ba su kika fara kai wa hannu, shi ya sa kika tsinci kanki tsakanin fushin miji da kukan yaya. Don haka daga yau, duk abin da kika ɗauka a gidan nan, kafin ki tambayi kanki ina za ki kai shi, fara tambayar na wane ne.

Gajiyar da kike ji kuma ba raki ba ne. Mutum shida a ɗaki biyu, ga akwatuna sun tare hanya, dole rai ya ƙuntata. A wani bincike da aka wallafa a shekarar 2010, wasu masana biyu a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles, Darby Saxbe da Rena Repetti, sun duba ma'aurata 30 da ke aiki kuma suke da yara. Matan da suka kwatanta gidajensu da cunkoso da ayyukan da ba a ƙarasa ba, sinadarin damuwa na jikinsu, wanda ake kira kotisol, ba ya sauka yadda ya kamata daga safe zuwa dare, kuma ransu yana ƙara dagulewa da yamma. A wurin mazan abin bai fito haka ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki dalilin da ke kike shaƙewa a ɗakin da shi maigida yake shiga ya kwanta hankali kwance. Ba lallai ne yana yi da gangan ba. Abin da yake damunki bai kai masa inda ya kai miki ba.

Kin tambaye ni ko ke ce mai laifi. A maganar rediyo, e, kin yi kuskure, kuma ba zan ɓoye miki ba don ina so aurenki ya zauna lafiya. Neman sarari a gidanki ba laifi ba ne. Kuskuren shi ne kin jira ya yi tafiya, kin yanke hukunci a kan abin da ba naki ba. Ko da fankokin kaɗai kika bayar, zai ji an raina shi, balle abin da hannun mahaifinsa ya sha murɗawa. Ki auna da kanki: da shi ne ya kwashe akwatunan Mama ya bayar kina unguwa, ya ce ai sun fara wari, yaya za ki ji? Abin da yake ji ke nan. Ki nemi lokacin da yara suka yi barci, ki zauna kusa da shi, ki ce, "Baban yara, na yi kuskure da na taɓa kayanka ba da saninka ba. Ban san rediyon na Baba ba ne, amma ko ban sani ba ya kamata in tambaye ka. Ka yafe mini, ba zan sake ba." Ki tsaya a nan. Kada ki ɗora da cewa ai shi ma ya cika gida da tarkace, domin wannan ɗorin zai goge duk abin da ya gabata. Idan kina iya gane waɗanda kika ba wa, ki aika a bincika ko rediyon yana nan. Wataƙila an riga an farfasa shi, amma sanin cewa kin bi sawu zai sanyaya masa zuciya fiye da dogon bayani.

Akwai kuma abin da nake so ki gani game da ku biyun. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Shi yana cewa za a gyara, ke kina cewa za ki rame. Magana ɗaya ce, kowa da wata ranar da yake jira. Kuma wannan hali ba naku ba ne ku kaɗai, haka zuciyar ɗan Adam take. A 1990 wasu masana uku, Daniel Kahneman da Jack Knetsch da Richard Thaler, sun wallafa wani gwaji da aka yi da ɗalibai a Jami'ar Cornell ta Amurka. An raba wa rabinsu kofuna kyauta, sannan aka buɗe ciniki tsakaninsu da waɗanda ba su samu ba. Masu kofin sun nemi kusan ninki biyu na abin da masu saye suka yarda su biya, alhali ba su jima da karɓarsa ba. Da zarar abu ya zama naka sai darajarsa ta hau a idonka, rabuwa da shi kuma ta yi zafi fiye da daɗin samunsa. To ina ga rigar da kika ɗinka da guminki, ko rediyon uba? Idan kin san haka, za ki rage tsanar kanki, ki kuma rage ganin baƙinsa.

Saboda haka ki fara da sif ɗinki, ki bar nasa tukuna. Kada ki zazzage komai rana ɗaya, domin tsakar rana za ta yi miki kina zaune cikin tsibin kaya, yara suna kuka, ki tattara ki cusa su yadda suke. Ɗauki layi ɗaya na sif ko akwati ɗaya, ki ba shi awa guda. Duk rigar da kika ɗauko ki saka ta a jikinki, ki tsaya gaban madubi, ki ɗaga hannu, ki zauna, ki tashi. Wadda ta shiga kuma kike jin daɗinta ta koma sif. Wadda ta kusa shiga kuma yadinta mai kyau ne, ki juya cikinta ki duba ko tela ya bar sauran yadi a gefe. Idan akwai, buɗawa kawai take so, ki ware ta ki kai a makon. Wadda kuwa zif ɗinta ya tsaya a tsakiyar baya, ko hannun ya maƙale a damtse, ki tambayi kanki tambaya ɗaya: da yau zan gan ta ana sayarwa, a wannan jikin nawa, zan saya? Idan amsar a'a ce, ta gama aikinta a wurinki.

Ban ce ki yanke ƙauna da ramewa ba, jiki yana sauyawa. Zaɓi kala uku ko huɗu da kika fi so a cikin waɗanda suka yi kaɗan, ki sa a jaka ɗaya, ki rubuta kwanan wata a takarda ki manna. In shekara ta zagayo ba ki buɗe ba, ki bayar da jakar. Abin da ba na so shi ne kullum da safe ki buɗe sif, kayan da ba sa shigarki su fi waɗanda kike sawa yawa, ki fara ranar da jin haushin jikin da ya ɗauki ciki huɗu. Wannan jikin ya cancanci tufafin da suka yi masa daidai yau.

Maganar asara kuwa, ki duba ta da kyau. Kuɗin rigar ya tafi tun ranar da kika biya, ajiye ta ba zai dawo da shi ba. Tufa kuma ba ta tsayawa yadda aka ninke ta. Robar ƙugu tana saki ta yi ƙaras-ƙaras idan an ja, layin ninki yana koɗewa ya bar zane, maɓallin ƙarfe yana tsatsa ya ɓata yadi, asu yana cin ulu da siliki a wuri mai duhu da ba a motsawa, musamman inda gumi ya taɓa. Rigar da wata za ta saka ta fita kunya da ita yau, bayan shekara biyar ko kyauta ba za a karɓa ba. Idan almubazzaranci kike tsoro, to ga shi nan a ƙarƙashin gado yana faruwa a hankali.

Inda kayan za su tafi ma yana da muhimmanci, domin bayarwa ba zubarwa ba ce. Ki wanke, ki goge, ki ninke, ki duba aljihu. Abin da ke kanki za ki ji nauyin karɓa, kada ki miƙa wa wani. Ki tambayi mutum kafin ki aika masa, a keɓe, ki ce kina da wasu kaya masu kyau da suka yi miki kaɗan, ko tana so ta duba ta zaɓa. Barin mutum ya zaɓa da kansa yana kare masa mutunci, kuma yana hana kayanki su je su zama tarkace a wani gidan. Gidajen marayu da ƙungiyoyin agaji ma a fara tambayarsu abin da suke buƙata. Masu tsada da ba ki sa sosai ba, babu aibu ki sayar, ta hannun dillaliya ko ki ɗauki hotonsu ki sa a intanet, amma ki yanke wa'adi. In wata guda ya wuce ba a saya ba, su bi sahun na kyauta, in ba haka ba "zan sayar" zai zama sabon "zan rame". Waɗanda suka yage ko suka yi tabo, na auduga su zama tsumman goge-goge, sauran a cusa a matashi ko a ba tela mai haɗa ƙyallaye. Kada ki cinna musu wuta. Yawancin yadin zamani akwai poliyesta a ciki, wanda dangin roba ne da ake samu daga man fetur, hayaƙinsa kuma yana cutar da ƙirji. Gidauniyar Ellen MacArthur ta fitar da rahoto a 2017 cewa a duniya, kowace daƙiƙa ana binne ko ƙone tufafin da za su cika motar shara guda, kuma abin da ake sake sarrafawa ya koma sabuwar tufa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Don haka rigar da ta tashi daga hannunki ta faɗa jikin wadda za ta saka ta, ta samu makoma mafi kyau da tufa ke samu.

Kayan jarirai shawara ce tsakaninki da maigida. Idan kuna sa ran ƙarin haihuwa, ki tace masu kyau su cika jaka ɗaya, sauran ki ba mai jiran haihuwa yanzu. Idan akwai 'yar rigar da kike jin ba za ki iya rabuwa da ita ba, ki ajiye ɗaya ga kowane yaro, ba laifi. Kayan wasan manyan yaran kuwa nasu ne, a zauna da su su zaɓa, kada su dawo makaranta su tarar an kwashe. Kicin ba ya buƙatar dogon tunani: kular da ba ta da murfi, murfin da ba shi da tukunya, robar da ta tsage, su tafi. Sababbin da ke kwali, ko ki fito da su ki fara amfani da su yau ki sallami tsofaffin, ko ki ajiye su a matsayin kyautar da za ki yi nan gaba, ki huta da saye. Ki leƙa inda kike ajiye magunguna ma, duk wanda kwanansa ya wuce ki fitar da shi daga inda hannun yaro zai kai, ki tambayi mai kemis yadda za a zubar.

Duk buhun da kika ɗaure, ya bar gidan cikin kwana biyu ko uku. In ya daɗe a bakin ƙofa, za ki kwance ki ce bari in sake dubawa. Ki kuma tsare ƙofar shigowa: kafin ki sayi sabon yadi ko sabuwar kula, ki san wanne zai fita ya ba shi wuri.

Sai bayan maigida ya ga sif ɗinki yana rufuwa, ya ga ƙarƙashin gado ya yi fili, sannan za ki ɗauko maganar nasa. A lokacin bakinki zai yi nauyi, don ya ga kin fara da kanki. Ki shiga ta ƙofar da babu gardama a cikinta, wato lafiyar yara. Batirin tsohuwar waya idan ya kumbura har bayan wayar ya ɗago, yana iya kamawa da wuta, ba a huda shi, ba a jefa shi a wuta, ba a barinsa cikin takardu. Ƙananan batura kuma idan sun daɗe a cikin na'ura suna zubar da wani farin gari da ke cinye ƙarfe, ga haɗarin yaro ya sa a baki. Ki roƙe shi ku duba waɗannan tare. Daga nan ki kawo shawarar wuri: a ware masa kanta ɗaya ko akwati biyu, abin da ya shiga nasa ne, ba mai taɓawa, ba mai tambaya. Abin da ya ce za a gyara, ki ce ya ba ki izini ki kai wa mai gyara a ji ko zai gyaru da abin da zai ci. Sau da yawa idan mai gyara ya ce talabijin ɗin ba ta da sauran amfani, mai ita yakan sake ta da kansa, don maganar ba daga matarsa ta fito ba. Wayoyin da ke iya kunnuwa a kwashe hotuna da lambobi, a goge komai kafin su fita. Buhun takardu kuwa kada ki kusance shi ke kaɗai, ko da kin ga kamar shara ne. A irin wannan buhun ake samun takardar shaidar karatu, rasit ɗin haya, yarjejeniyar bashi. Abin da za ki iya yi shi ne ki samo masa fayil, ki ce duk ranar da ya samu sarari za ki taya shi warewa.

Idan ya ce a'a, kada ki mayar da abin yaƙi. Ki nemi mafi ƙarancin abu: a tattara nasa wuri ɗaya, a ɗaga daga ƙasa don ki samu yin shara. Mutumin da aka taɓa wa kayan uba zai ɗauki lokaci kafin ya sake sakin jiki, kuma haƙƙinsa ne. Abu ɗaya dai zan ce ki sa wa ido. Akwai tara kaya na ɗabi'a, akwai kuma wanda ya zama larura. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ware shi a matsayin cuta mai zaman kanta a 2013, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa shi a jerin cututtukanta da ya fara aiki a 2022. Alamarsa ita ce mutum ya kasa rabuwa da komai ko da ba shi da daraja, hankalinsa ya tashi sosai in an taɓa, kayan su hana a kwana a gado ko a zauna a falo, kuma yana ta ƙara kwasowa. Abin da kika kwatanta bai kai nan ba, fanka biyu da buhun takardu abu ne da ake gani a gidaje da yawa. Amma in kin ga abin yana ƙaruwa har ya kai haka, likita ake nema, domin kwashe kayan da ƙarfi yana ƙara rura matsalar ne.

Yanzu kayan Mama. A nan akwai abin da ba zai jira ba, akwai kuma abin da ba a yi masa gaggawa. Wanda ba zai jira ba shi ne ceto su. Warin nan da ɗigon baƙin da kika gani funfuna ce, danshi ne ya shiga akwatin, kuma tana yaɗuwa daga tufa zuwa tufa. A makon nan ki fitar da akwatunan waje, ki rufe hanci da baki, ki nisantar da yara musamman in akwai mai asma. Ki ware waɗanda suka kamu, ki kakkaɓe su a fili, ki wanke da ruwan zafi in yadin zai jure, ki shanya a rana kina juya cikinsu waje don kada launi ya koɗe. Sauran ma su sha iska. Akwatin kansa a goge shi, a bar shi a buɗe ya bushe sarai. In za ki mayar, kada ki ɗaure su a leda don tana riƙe danshi, kada ki sa a kwali don kyankyasai suna son sa. Ki naɗe su a tsohon zanen gado na auduga, ki ɗaga akwatin daga ƙasa, ki janye shi daga jikin bango. Ki yi hankali da ƙwayoyin kafur ɗin nan farare da ake jefawa cikin kaya. Yaro yana iya ɗauka ya haɗiye, kuma sinadarin naftalin da ke cikin da yawa daga cikinsu yana farfasa ƙwayoyin jini, musamman ga jarirai. Wannan aikin ba ya buƙatar izinin kowa, amana kike tsarewa. Amma ki kira Yaya ki gaya mata kafin ki fara, don kada ta ji a bakin wani cewa kin buɗe akwatunan.

Wanda ba a yi masa gaggawa shi ne rabo. Ajiyewa a gidanki bai mayar da kayan naki ba, kuma ba na Yaya ba ne ita kaɗai. Abin da mamaci ya bari haƙƙin magadansa ne, har zane da ɗankwali. Idan an riga an raba gado aka bar waɗannan da yardar kowa, to yardar kowa za a sake nema kafin a bayar. Idan ba a raba ba, sai a haɗa duk masu haƙƙi, maza da mata, a tambayi masanin rabon gado. Niyyarki ta sadaka kyakkyawa ce, amma ba a sadaka da rabon wani sai ya ce ya yarda.

Ki kuma saurari abin da ke ƙarƙashin kukan yayarki. Ke kina kwana da akwatunan, kina jin warinsu, kina tuntuɓe da su, don haka a wurinki sun zama nauyi. Ita tana nesa, abin da take riƙe da shi kawai shi ne sanin cewa kayan Mama suna nan a ninke yadda ta bar su. Da kika ce a bayar, abin da ya shiga kunnenta shi ne a rufe babin Mama. Ba ta ga mayafin da ya yi baƙi ba. Kada ki sake ɗauko maganar sadaka ta waya. Ki ce, "Yaya, kayan Mama sun fara lalacewa, hankalina ya tashi. Ki zo mu buɗe tare, mu ga abin da za mu yi, ba zan fitar da ko ɗankwali ba sai da ke." Ranar da ta zo kada ku sa wa kanku lokaci. Za ku ɗauko zanen da ta fi ɗaurawa, za ku tuna inda ta sa wancan mayafin, za ku yi kuka, wataƙila ku yi dariya. Ku bar abin ya ɗauki yinin.

Sannan kowa ya zaɓi abin da yake so ya riƙe. Ki ba Yaya ta fara. Wanda zai sawu a saka shi, domin mayafin Mama a kafaɗarki ya fi kusa da ke a kan mayafin Mama a ƙasan akwati. Zane mai kyau tela zai iya fitar wa jikokinta riguna a ciki, ko a yi rigar matashi. Ku ɗauki hoton waɗanda za su fita, ku tura wa sauran 'yan'uwa. Ku tuna da ƙannenta da aminanta, sau da yawa akwai wata tsohuwar ƙawa da za ta karɓi ɗankwali ɗaya da hannu biyu tana hawaye, ta riƙa yi mata addu'a duk ranar da ta ɗaura. Abin da ya rage bayan wannan, in kowa ya amince, shi ne na sadaka, kuma ina kyautata zaton a lokacin Yaya da bakinta za ta faɗi wanda ya dace a ba.

Idan ta zo ta gani kuma har yanzu zuciyarta ba ta saki ba, kada ki matsa. Shekara uku a wurin wani jiya ne. Ki ce mata gidanki ya yi ƙunci kuma danshi yana shiga, ko za ta ɗauki akwatunan zuwa wurinta, ko ku raba ɗaya-ɗaya, ku sake zama bayan wasu watanni. Idan ta karɓa, ki nuna mata yadda za ta riƙa fitar da su suna shan iska lokaci zuwa lokaci, musamman da damina. Ke kin samu filinki, ita ta samu lokacinta, kayan kuma sun tsira.

Ki fara da ban haƙurin maigida yau da dare, ki kira Yaya gobe, ki shanya kayan Mama ranar farko da rana ta fito sosai, sannan ki buɗe layin farko na sif ɗinki. Ki sake rubuto mini in ji yadda kuka yi da Yaya. Allah ya daidaita tsakaninku, ya jiƙan iyayenku baki ɗaya.